Kilo Uku Ba Lita Uku Ba Ne: Fashin Baƙi Kan Awon Man Zaitun A Girki

Wata Alhamis da la'asar ƙanwata ta kira ni, muryarta duk a dagule. Ta karɓi aikin kek na wani biki, irin na mutanen Italiya da ake yi da man zaitun da ɓawon lemo a madadin bota. Uwar amarya ce ta kafe sai shi, don ta taɓa ci a wata tafiya bai fita ranta ba. Takardar girkin ta ce kowane kwaɓi yana cin giram 150 na mai, ita kuma kwaɓi ashirin za ta yi. Ta buga lissafi ya ba ta giram 3,000, wato kilo uku. Ta tafi kanti ta sayo kwalba uku masu lita ɗaiɗai.

"Yaya, man nan fa bai kai ba. Na yi kwaɓi goma sha takwas, ragowar ko rabin na goma sha tara ba zai yi ba. Anya kwalaben nan a cike suke?"

Na ce mata kwalabenki a cike suke, ba wanda ya cuce ki. Lita uku kika sayo, girkinki kuma kilo uku yake nema. Lita uku na man zaitun nauyinsu bai wuce giram 2,745 ba. Giram 255 ɗin da ya yi giɓi shi ne kwaɓinki biyu na ƙarshe.

Wannan kuskure yana cin mutane da yawa, musamman yanzu da uwargida ke ɗauko girki daga intanet, yau na Baturiyar Italiya mai auna komai da giram, gobe na Ba'amurkiya mai auna komai da kofi. Ga shi man zaitun ba man da ake wasa da shi ba ne, tsadarsa kaɗai ta isa ta sa a kula da kowane cokali.

Awo iri biyu ne, kuma duk mai shiga kasuwa ya san su ko da bai taɓa zama ya rarrabe su ba. Akwai awon sikeli, mai faɗin nauyin abu: giram, kilo, tan. Akwai awon mazubi, mai faɗin yawan wurin da abu ya cike: mudu, tiya, gwangwani, kwalba, cokali, kofi, lita. Mudun shinkafa da mudun dusa cikarsu ɗaya, amma ɗaga su ki ji. Shi ya sa duk ƙarshen azumi ake tambayar malamai kilo nawa ne sa'i, su kuma su ce ya danganta da abin da za a fitar, domin sa'i mazubi ne: nauyin shinkafar da ta cika shi daban, na gero daban, na dabino daban. To mas'alar nan ce ta biyo mu kicin, sai dai yanzu mai ne a cikin mazubin.

Ruwa ne ya saba mana da ganin kamar awon biyu abu ɗaya ne. A shekarar 1795, lokacin da Faransa ke kafa tsarin awon mita, da ruwa aka yanke ma'anar giram: nauyin ruwan da ya cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare. Wato da gangan aka ɗaura su tare, mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya, lita ɗaya kilo ɗaya. Madarar ruwa ma ba ta yi nisa ba, litarta kusan giram 1,030 ce, don haka wadda ta saba auna ruwa da madara ba ta taɓa ganin matsala. Sai ranar da ta auna zuma, wadda litarta ta kai kusan kilo ɗaya da giram 400, ko ta auna mai, wanda litarsa ba ta kai kilo ba.

Idan kika tambayi mutum goma tsakanin ruwa da mai wanne ya fi nauyi, da yawa za su ce mai. Hujjarsu kauri: yana zuba a hankali, yana kama hannu, yana jan jiki a cokali. Amma kauri daban, nauyi daban. Leƙa tukunyar miya idan ta nuna. Mene ne ke kwance a sama yana sheƙi? Mai. Ba a taɓa ganin ya nutse ƙasa ruwa ya hau kansa ba, kuma duk abin da ya tsaya a saman ruwa, to ruwa ya fi shi nauyi.

Nawa ne bambancin? Kundin ƙa'idojin abinci na duniya da ake kira Codex Alimentarius, wanda hukumar abinci ta FAO da hukumar lafiya ta WHO ke kula da shi, ya sanya nauyin man zaitun tsakanin 0.910 da 0.916 na nauyin ruwa, a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. A taƙaice, lita ɗaya tana tsakanin giram 910 da 916. Ni 0.915 nake riƙewa. Idan girki ya ba ki mililita kina son giram, ki ninka da 0.915. Idan ya ba ki giram kina son mililita, ki raba da 0.915.

Amma wa ke neman kalkuleta hannunsa dumu-dumu da kwaɓi? Hanya mai sauƙi ita ce, daga giram zuwa mililita ki ƙara kashi ɗaya cikin goma. Giram 100 ya zama mililita 110, ainihinsa kuwa 109. Giram 150 ya zama 165, ainihinsa 164. Giram 250 ya zama 275, ainihinsa 273. Rabin kilo ya zama 550, ainihinsa 546. Saɓanin bai kai abin da harshe zai ji ba. Idan kuma ta ɗaya ɓangaren za ki zo, ki cire kashi ɗaya cikin goma, ki ɗan mayar da kaɗan: mililita 100 giram 91 ne da ɗoriya, kwalba mai mililita 500 giram 458, mai 750 giram 686, galan mai lita biyar kilo huɗu da giram 575. Akwai alama ɗaya da za ta tsare ki daga juya lissafin baibai: a wajen mai, lambar mililita kullum ta fi lambar giram girma. In kin gama lissafi kin ga giram ya fi yawa, kin ninka inda ya kamata ki raba.

Zuwa nan lissafin ya ƙare, kuma bai da wuya. Abin da ya fi damuna shi ne mazubin kansa, domin a nan ne babban kuskure yake ɓuya. Saɓanin giram da mililita kashi tara ne cikin ɗari. Saɓanin da ke tsakanin wani kofi da wani kofi kuwa yana iya ninka wannan sau uku ko huɗu, kuma ba wanda ke lura.

Kofi na girkin Amurka mililita 237 ne, ko da yake a jikin kwalin abinci suna lissafa shi 240. Kofin Ostareliya da na Niyuzilan mililita 250 ne. Na Japan 200. Tsohon kofin Ingila da ake gani a girke-girken da, wanda yake rabin fayint ɗinsu, mililita 284 ne. Idan aka cika kowanne da man zaitun, na Amurka zai ba da giram 216, mai 240 giram 220, mai 250 giram 229, na Japan giram 183, tsohon na Ingila giram 260. Duk sunansu "kofi ɗaya". Tsakanin ƙaramin da babban akwai giram 77, fiye da babban cokali biyar. Jerin kofunan awo da ake sayarwa a kasuwanninmu kuwa wasu an rubuta 250 a mariƙinsu, wasu 240, wasu ba a rubuta komai ba. Ki juya naki ki duba.

Cokali ma haka. Babban cokalin awo a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, man zaitun a cikinsa giram 13.7. Na Amurka ya ɗan gaza, 14.8, wato giram 13.5. Amma na Ostareliya mililita 20 ne cur, giram 18 da ɗan kai. Idan girkin 'yar Ostareliya ya ce cokali uku kika zuba uku da cokalin 15, kin rage mililita 15, wato cokali guda ya tafi. Ƙaramin cokalin awo shi ne bai cika rigima ba, mililita 5 ne kusan ko'ina, giram huɗu da rabi na mai. Sannan cokalin da muke cin shinkafa da shi da wanda muke juya shayi ba cokulan awo ba ne. Maƙerinsu bai yi su don awo ba, wani mai zurfi ne, wani kamar faranti. A kwandon cokulan gida ɗaya za ki samu iri uku.

Al'adar awo da kofi da cokali ta kafu ne a Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19. Ana yawan danganta ta da wata malamar girki a birnin Boston, Fannie Farmer, wadda a 1896 ta fitar da littafin girki da ya dage kan a riƙa auna komai a shafe, ba da tozo ba. Turai kuwa sikeli ta riƙe. Shi ya sa girkin Italiya ko Sifaniya zai ce miki giram 80 na mai kai tsaye, na Amurka kuma ya ce sulusin kofi.

Amurkawa suna da wani tarkon kuma, wato oza. Oza biyu gare su masu suna kusan ɗaya. Akwai ta nauyi, giram 28.35. Akwai ta ruwa, wadda ake rubuta wa fl oz, mililita 29.6. Oza takwas ta ruwa ita ce kofinsu ɗaya, giram 216 na mai. Oza takwas ta nauyi kuwa giram 227 ce, kusan mililita 248. Idan girki ya ce oza kawai a kan mai, galibi ta ruwa ake nufi, sai dai idan kin ga fulawa da sukari da komai an ba da su da oza a jere, to mai rubutun sikeli yake amfani da shi.

A nan zan yi wa kofi adalci. Fulawa a kofi ba ta da amana, domin idan an danna ta nauyinta daban, idan an tankaɗe ta daban. Mai ba haka yake ba. Ba ya tozo, ba ya dannuwa, ba ya ɓoye iska. Matuƙar kin san ainihin cikar mazubinki, awon mai da kofi awo ne na gaskiya. Don haka aikin da ke gabanki ɗaya ne: ki san mazubinki.

Ga yadda ake yi, kuma sau ɗaya ake yin sa. Ɗora kofinki a sikeli babu komai a ciki, danna maɓallin da ke mayar da lamba sifili, cika shi da ruwa zuwa inda kika saba cikawa. Lambar da ta fito ta giram ita ce cikar kofin da mililita, tunda ruwa ne. Idan ta nuna 220, kofinki mililita 220 ne, kuma zai ɗauki giram 201 na man zaitun. Rubuta wannan a takarda ki manna a bayan ƙofar kabad. Haka za ki yi wa ludayinki da gwangwanin madarar da kike awo da shi. Kada ki yarda da lambar da ke jikin gwangwanin: nauyin madarar da aka zuba ciki aka rubuta, madarar gwangwani kuwa ta fi ruwa nauyi, kuma ba a cika ta har baki.

Wadda ba ta da sikeli fa? A gida akwai ma'aunai masu kyau da ba ma kallon su a matsayin kayan girki. Fidar jarirai tana da layin mililita a jikinta. Ɗan kofin da ke zuwa da maganin ruwa na yara yana da layin 5 da 10. Sabon sirinji mai mililita 10 ko 20 daga kemis, wanda ba a sa masa allura ba, ya fi kowane cokali daidaito idan man da ake nema kaɗan ne. A ware su don girki kawai, a wanke da kyau. Da su za ki iya gano cikar kofinki: ki yi ta zuba ruwa da fida har ya cika kina ƙirgawa. Kwalaben da aka rubuta wa cl kuwa sifili ɗaya ake ƙarawa, 75cl mililita 750 ne, 50cl 500. Sai dai kwalba idan aka cika ta har wuya ta wuce abin da aka rubuta, domin kamfani yana barin sarari a sama.

Idan kofin awo mai layi-layi ne, irin na gilashi ko roba mai gani har hanji, ajiye shi a kan tebur, ki sunkuya idonki ya yi daidai da layin. Riƙe shi a hannu ana kallo daga sama yana sa a ga ya kai alhali bai kai ba. Bayan kin juye, ki bi cikin kofin da cokalin roba ki kwashe wanda ya maƙale. Mai yana bin bango, kuma a ƙaramin awo abin da ya rage a kofi ba ƙarami ba ne. Idan girkin yana da zuma, fara auna mai, sannan ki auna zumar a cokalin da bai wanku ba, za ta sulale gaba ɗaya.

Duk da haka, ni dai sikeli nake so, kuma ina ba duk mai yin kek ko burodi na sayarwa shawarar ta mallaki ɗaya. Kwano ɗaya kike ɗorawa, ki zuba fulawa, ki mayar sifili, ki zuba mai kai tsaye daga kwalba. Ba kofin wankewa, ba man da ya maƙale a bango. Sai dai a kula da wani abu: yawancin ƙananan sikelin kicin suna da maɓallin da ke canja awo zuwa ml. Sikeli bai san cika ba, nauyi kawai yake ji. Idan ya nuna ml, ɗauka ya yi ruwa kika zuba. Don haka idan kin zuba mai har ya nuna 100 ml, abin da ke kwanon giram 100 ne, wato mililita 109. Bar shi a kan giram ki yi lissafinki da kanki.

Zafi ma yana da ɗan tasiri, kuma mu da ke zaune inda ake ganin digiri 40 a watan Afrilu ya kamata mu sani. Mai yana buɗewa idan ya ji zafi. Kowane digiri ɗaya yana rage wa lita kusan kashi biyu cikin uku na giram. Litar da take giram 915 a digiri 20 za ta koma kusan giram 902 a digiri 40. A cokali ɗaya bambancin bai kai rubu'in giram ba, kada ya hana ki barci. Inda ake ganin abin da ido shi ne a kaskon suya: man da ya kai digiri 180 yana ƙara cika da ɗan fiye da kashi ɗaya cikin goma, kafin ma a jefa komai ciki ya yi kumfa. Shi ya sa ba a cika kasko. Nauyin kuwa bai canja ba, kilo ɗaya a sanyi kilo ɗaya ne a zafi. Sanyi kuma yana sa man zaitun ya yi gizo-gizo har ya daskare a firji. Idan ya yi haka, a bar shi ya saki kafin a auna da kofi.

Wannan tsayuwar da nauyi ke yi wuri ɗaya ita ta sa a ƙasashen da ake noman zaitun, ciniki na sari da kilo ake yi, sai an zo kanti a koma lita. Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa samar da man, musamman lardin Jaén da ke yankin Andalus, kuma farashin da ake sanarwa daga matatsa na kilo ne ko na tan. Majalisar Zaitun ta Duniya mai mazauni a Madrid, wadda aka kafa a 1959, da tan take lissafin abin da kowace ƙasa ta samar. Lokacin da fari ya sa abin da Sifaniya ta tatsa a kakar 2022 zuwa 2023 ya faɗi da fiye da rabi, farashin mai tatsar farko ya haura har ya kai wajen Yuro 9 kowane kilo a farkon 2024. Mai son sanin kuɗin lita sai ya ninka da 0.915, ya samu Yuro 8 da ɗan kai, kafin kuɗin kwalba da dako da riba. A Italiya manomi yana kai zaitun ɗinsa matatsa ya jira a faɗa masa abin da kilo 100 ya fitar. Idan aka ce 15, dole ya tambaya kilo ko lita, domin kilo 15 na mai lita 16.4 ne, kuma maƙwabcin da ke alfahari da lambar da ta fi girma wataƙila da lita yake ƙirga. A Jodan iyalai suna sayen man shekara a babban gwangwanin da suke kira tanaka, mai kilo 16. Wanda ya juye shi a jarka zai ga lita goma sha bakwai da rabi.

Kwalbar da ke hannunki ma tana iya faɗa miki lambar, idan kin san inda za ki duba. Juya bayanta wajen jadawalin sinadaran abinci. A yawancin kwalaben da aka shirya don kasuwar Ingila da wasu ƙasashen Turai, za ki ga an rubuta cewa a kowane mililita 100 akwai maiƙo giram 91 ko 92. Tunda man zaitun maiƙo ne zalla, wannan lambar ita ce nauyin mililita 100 ɗin. Idan kuma jadawalin na giram 100 ne, za ki ga maiƙo giram 100 cif. Kwalaben Amurka cokali suke bayarwa: mililita 15, maiƙo giram 14, kalori 120. Masu lissafin abin da suke ci saboda ciwon sukari ko rage ƙiba su lura da wannan, domin giram 100 na mai kusan kalori 884 ne zuwa 900, mililita 100 kuwa ɗari takwas da 'yan kai.

Kalmar light da ake rubutawa a wasu kwalabe ba ta nufin man ya fi rashin nauyi ko ƙarancin kalori. Launi da ɗanɗano ake nufi, saboda an tace shi. Da shi da wanda aka rubuta wa extra virgin, wato tatsar farko, lissafinsu ɗaya.

Haka sauran mayukan da muke girki da su. Man gyaɗa, man riɗi, man waken suya, duk litarsu tana yawo ne tsakanin giram 910 da 925. Wannan yana da amfani, domin ƙa'idar ƙara kashi ɗaya cikin goma za ta yi miki aiki a kansu duka, har manja, matuƙar kin narkar da shi idan sanyin hunturu ya daskarar da shi. Amma yana da wani gefen da nake so a ji da kyau. Mu nan man zaitun mun fi saninsa a shagunan magungunan Musulunci, a ƙananan kwalabe, ana saye don sha da shafawa, kuma ana yawan tsoron gauraye. Na sha jin ana cewa a auna shi a sikeli a gane na gaskiya. Sikelin kicin ba zai iya wannan aikin ba. Man da ake gauraya shi da su nauyinsu ya yi kusa da nasa sosai, bambancin 'yan giram ne a lita guda, kuma zafin ɗaki kaɗai ya isa ya shafe shi. Gwajin sa shi a firji ma ba hujja ba ne. Gano gauraye aikin ɗakin gwaji ne. Abin da sikeli zai iya nuna miki shi ne ko an cika kwalbar: auna ta a cike, auna ta bayan ta ƙare, ki cire.

Wata tambayar da ke biyo baya ita ce ta musanya bota da man zaitun. A nan ba a yin giram da giram, domin bota ba maiƙo zalla ba ce, kusan kashi 80 cikin ɗari ne maiƙo, saura ruwa ne da ɗan daskararren madara. Girkin da ya nemi bota giram 100, man da zai maye gurbinta giram 80 ne, wato mililita 87, cokali shida da ɗan ragi. A ƙara cokali ɗaya na madara ko ruwa don cike ruwan da botar za ta kawo. Masu awo da kofi sukan ce kofi ɗaya na bota, uku bisa huɗu na kofi na mai. Sai dai kek ɗin da ake fara buga bota da sukari har su yi fari su tashi, mai ba zai ba shi wannan tashin ba, komai daidaiton awo, domin mai ba ya riƙe iska.

Ba ko'ina wannan ƙididdiga ke da muhimmanci ba. Idan kwaɗon salak za ki yi, ko soya albasa, ko ɗiga mai a kan gasasshen kifi, ido da harshe sun isa. Matan Tunisiya da Girka da suka tashi da man nan ba sa ɗauko sikeli don miya. Inda awo ke da hukunci wuri biyu ne. Na farko kayan gashi, inda ake lissafa mai a kan nauyin fulawa. Masu burodi sukan ce mai kashi biyar cikin ɗari, wato a fulawa giram 500 a sa giram 25, mililita 27, cokali biyu saura kaɗan. A kwaɓi ɗaya kuskuren kashi tara cikin ɗari ba lallai ya ɓata kek ba, zai dai ɗan fi bushewa washegari. Amma idan ya haɗu da kuskuren kofi, ga giram da aka ɗauka mililita ne, ga kofi mai 200 da aka ɗauka mai 250 ne, to fiye da rubu'in man ya tafi, kuma wannan kowa zai ji shi a baki.

Na biyu shi ne kuɗi. Mai sana'ar girki da ke fitar da farashi tana sayen mai da lita tana kashe shi da giram. Idan ta ɗauka lita ɗaya giram 1,000 ce, duk lita ta yi wa kanta ƙarin giram 85 da babu su, kuma daga ribarta za a cire. Hanyar da ta dace ita ce ta raba kuɗin kwalbar lita ɗaya da 915, ta samu kuɗin giram ɗaya, sannan ta ninka da abin da girkin ke ci.

A daren nan ƙanwata ta aika aka sayo ƙarin kwalba mai mililita 500, giram 458 ke nan. Ta ɗebi 255 ta kammala kwaɓinta biyu, kusan giram 200 ya rage mata. Da na je gidanta bayan bikin ta nuna mini littafin da take rubuta odar mutane. A gefen girkin ta ƙara layi biyu da jan biro: kwaɓi ɗaya, giram 150, mililita 164, kwaɓi ashirin, lita uku da mililita 280.